Gari Na Faɗaɗa: Ka Kare Gonarka Da Fadamarka

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaura daga Legas zuwa Abuja a 1991, gine-gine ke ta cinye gonaki a yankin Karu na Jihar Nasarawa. Manomi, kada ka jira sai masu awon fili sun kafa turaku a gonarka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba ka takardar riƙon gona a karkara, amma da zarar gwamna ya ayyana wurin a matsayin birni, ikon ya koma hannunsa. Ka nema tun yanzu.

Malamin gona, ka haɗa kan manoma da dagatai su nemi a keɓe fadamu da burtali cikin taswirar tsara gari. Cike fadama da gini na kashe noman rani, ya kuma jawo ambaliya.