Kuɗin Udoji da masana'antun Kano: ina daɗin ya tafi?

Ku tambayi kakanninku labarin Udoji, za ku ga sun yi murmushi. Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, a 1973 kuma farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya. Kuɗi suka cika baitulmalin gwamnatin Janar Yakubu Gowon. Kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawarar a ƙara wa ma'aikata albashi, aka biya su a 1975, har da ariyas na watanni. Malamin firamare ya sayi babur, masinja ya sayi rediyo da keke.

Kano ta ci moriyar wannan yayi. Bompai, wadda ta fara tara kamfanoni tun zamanin Turawa, ta cika, aka buɗe Sharaɗa, daga baya Challawa. Ana saƙa yadi, ana jimar fata, ana yin alewa, turare, takalman roba da kwanukan samira. Samari suka riƙa baro ƙauye suna kama aikin kamfani, wasu da rana, wasu da dare.

Sai dai ginin na da rauni tun daga tushe. Injinan daga waje aka sayo su, haka kayan gyaransu da sinadarai da yawa, kuma duk da kuɗin waje ake biya. Su kuwa kuɗin wajen, kusan duk daga mai suke fitowa. Noman da ya kamata ya tallafa ya ja baya: fari da cutar gyaɗa sun taimaka wajen rushe dalar gyaɗar Kano a shekarun 1970.

Da farashin mai ya faɗi, Shugaba Shehu Shagari ya kawo tsuke bakin aljihu a 1982. A 1986 shirin SAP na Janar Babangida ya karya darajar naira. Mai kamfanin da ke sayo kayan gyara da 'yan kuɗi kaɗan ya wayi gari yana biyan ninki-ba-ninki, ga wutar NEPA ba tabbas, ga yadin waje mai araha ya cika Kantin Kwari. Aka shiga sallamar ma'aikata.

Har a lokacin daɗin ma akwai waɗanda suka kwana ciki: ruwan dattin majemu ya daɗe yana kwarara cikin kogin Challawa, inda manoman rani da masunta ke neman abinci. Yau in kun bi ta Sharaɗa, za ku ga wasu kamfanonin na aiki, wasu kuwa an mayar da su ɗakunan ajiye kayan da aka shigo da su daga China.