Rufin Asiri Ko Farin Ciki: Me Muka Fito Nema Ne?

Tun daga 2012 ake fitar da wani rahoto na duniya a kan farin ciki, inda ake jera ƙasashe daga wadda mutanenta suka fi gamsuwa da rayuwa zuwa wadda suka fi kuka da ita. Daga 2018 zuwa yau Finland ce ke zuwa ta ɗaya, ƙasar da rana ke ɓuya wata da watanni a arewacinta lokacin hunturu. Gana da Najeriya kuwa, a 'yan shekarun nan sai ka wuce ƙasa ɗari kafin ka iske su. Yadda suke awon ba wuya: ma'aikatan kamfanin Gallup sukan tambayi mutum wajen dubu a kowace ƙasa, su ce ka ɗauka rayuwa tsani ce mai hawa daga 0 zuwa 10, ƙasa ita ce mafi munin rayuwar da za ka iya yi, sama ita ce mafi kyau, to kai a wane mataki kake tsaye?

Ni dai ina so in ga ranar da za a kawo wannan tambaya kasuwar Nima ranar Laraba. Ka tari mai wake ko mai albasa ka ce masa yaya rayuwa, amsa ɗaya ce, alhamdu lillahi, asiri a rufe. Wanda ya ci ribar sidi dubu biyar da safe haka zai ce, wanda mai gida ya ba shi wa'adin tashi ma haka zai ce. Ba ƙarya suke yi ba. Mu ba a koya mana auna rai da lamba ba, kuma kalmomin ma da muke da su sun rarrabu. Jin daɗi daban, shi ne wace mai zafi da safe da barci a ɗaki mai fanka. Farin ciki daban, shi ne ranar suna ko ranar da kaya suka fito daga tashar Tema lafiya. Kwanciyar hankali daban. Sannan ga rufin asiri, wanda ban taɓa jin wanda ya iya juya shi zuwa Turanci daidai ba. Shekara talatin da wani abu ina sayar da yadi da shadda a garin nan, kuma in ka bi addu'ar da 'yan kasuwa ke yi bayan sallar asuba, rufin asirin nan shi ne a kan gaba. Ba safai za ka ji wani ya roƙi farin ciki da sunansa ba.

Bari in fara da kuɗi, don ban yarda da masu cewa kuɗi ba ya cikin maganar ba. Galibi wanda ya ƙoshi ne ke faɗin haka. Alhaji Umaru na Karachi, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, malami ne babba amma ɗan hanyar fataucin goro ne, kuma ya yi doguwar waƙa da Hausa a kan talauci da wadata. Bai yi wa talauci kwalliya ba ko kaɗan, ya nuna yadda yake zubar da mutuncin mutum a idon danginsa. Mu ma mun gani da idonmu a 2022. A farkon shekarar dala tana sidi 6 da 'yan kai, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 14, a Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. Ka sayar da kaya da riba a littafi, ka koma Lome sari, kuɗin ba su sayi rabin abin da ka sayar ba. Na san mutanen da hawan jini ya kama a watannin nan, kuma ba wa'azin haƙuri ne ya rage musu shi ba, sai da bashi ya sauka daga wuyansu. Wasu masana, cikinsu har da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, sun gwada manoman rake a kudancin Indiya, suka buga sakamakon a 2013: manomi ɗaya, kafin girbi lokacin da bashi ya yi masa katutu, ƙwaƙwalwarsa ba ta aiki kamar bayan girbi da kuɗi suka shigo. Wato rashi ba aljihu kaɗai yake ci ba, har tunani yake cinyewa. Duk wanda ya taɓa yin sallah yana lissafin kuɗin makarantar yara ya san haka ba sai an gaya masa ba.

Amma ga inda abin ke ɗaure kai. A 1978 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Philip Brickman, da abokan aikinsa suka bi mutum 22 da suka ci manyan kuɗi a caca ta gwamnati, suka kwatanta su da maƙwabtansu da ba su ci komai ba. Bambancin farin cikinsu bai taka kara ya karya ba, kuma masu kuɗin sun rage jin daɗin ƙananan abubuwa irin su karin kumallo da hira da aboki. Mutum 22 ba yawa ba ne, na sani, amma abin da suka gano kowane ɗan kasuwa ya ɗanɗana shi. Ranar da na tashi daga tebur na shiga shago mai ƙofar ƙarfe, kwana uku ina dawowa da daddare in taɓa kwaɗon. Bayan wata shida shago ya zama shago kawai, ido ya koma kan na mai ƙofa biyu da ke kallona. Rai yana sabawa da alheri da sauri fiye da yadda yake sabawa da ciwo. Daniel Kahneman, wanda ya samu kyautar Nobel a 2002, shi da abokinsa Amos Tversky sun nuna cewa zafin asara ya kai kusan ninki biyu na daɗin riba mai girma ɗaya. Shi ya sa sidi ɗari biyar da wani ya cinye maka tun bara take hana ka barci, dubu biyar ɗin da ka samu makon jiya kuwa ka riga ka manta.

Sai kuma ciwon da na fi jin tsoro a zangonmu, kallon kwanon wani. Richard Easterlin ya lura tun 1974 cewa ƙasa tana iya ƙara arziki shekara da shekaru amma gamsuwar mutanenta ba ta tashi daidai da shi, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne kowa da maƙwabcinsa yake auna kansa. A da maƙwabcinka shi ne wanda kuke haɗa katanga. Yanzu maƙwabcinka yana Bronx ko Hamburg, yana cikin wayarka dare da rana. Ka bi ta bes-bes ɗin samari a Nima da Maamobi bayan la'asar, ana dafa ataya, za ka ji rabin hirar a kan wane boga ne ya sauka, wace mota ya turo, wane gida yake ginawa a Kasoa ko Adenta. Ba wanda ke sa hoton ɗakin da suke kwana su shida, ko aikin dare a cikin sanyi. Yaron da ke da keken ɗinki da cinikin da zai riƙe shi sai ya ga kansa matacce, ya sayar da keken, ya nufi Agadas da Libiya. Wasu sun isa, sun kuma taimaki iyayensu, ba zan hana musu wannan ba. Wasu kuwa har yau uwayensu na tsalle duk lokacin da baƙuwar lamba ta kira. Kuma mu manya ba mu da bakin zaginsu sosai, tunda mu ma barin gida muka yi, kuma mu ne muke miƙewa tsaye mu ba boga kujerar gaba a wurin ɗaurin aure.

Masu falsafa na dā sun daɗe da wannan gardama. Aristotal na Girka ya ce abin da ake nema ba daɗin da ke zuwa ya wuce ba ne, rayuwa ce sukutum da aka yi ta da kyawun hali, kowa yana aikin da ya dace da shi da kyau. Amma bai yi ƙarya ba, ya yarda cewa sai da lafiya da abokai da ɗan abin hannu. Wanda ya fi burge ni shi ne Zeno, don namu ne, ɗan kasuwa. An ruwaito cewa jirginsa ya nutse da kayan rini masu tsada, ya tsira da ransa ya faɗa birnin Atina wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya koma karatu, daga baya ya riƙa koyarwa a wata rumfa a bakin kasuwa. Almajiran makarantarsa suka riƙe abu ɗaya: ka raba abin da ke hannunka da wanda ba ya hannunka, ka sa ƙarfinka a na farko. Farashin dala ba ya hannunka. Gobarar da ta cinye Kantamanto a farkon Janairun 2025 ba ta hannun masu gwanjon da suka wayi gari da toka. Amma mudun da kake awo da shi yana hannunka, da irin maganar da za ka faɗa wa matarka in ka dawo gida ba ciniki.

Wannan ba baƙon zance ba ne a kunnen wanda ya zauna gaban malam. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ajiye babbar kujerar koyarwa a Bagadaza a 1095 lokacin da sunansa ke tashe, don ya ga ɗaukakar ba ta ba shi natsuwa ba. Daga baya ya rubuta Kimiya'us Sa'ada da Farisanci, inda ya kafa sa'ada a kan mutum ya san kansa ya san Ubangijinsa. Kuma bai ce a bar kasuwa ba, a cikin Ihya akwai babi guda a kan ladubban neman abinci. Abin da nake ƙi shi ne yadda wasu ke ɗaukar ƙana'a su mai da ita sanda. Mai gida ya riƙe kuɗin yaron shagonsa wata uku, in yaro ya yi magana a ce masa ba shi da godiya. Wadatar zuci abu ne da mutum ke nema wa kansa, ba abin da mai ƙoshi zai rubuta wa mai yunwa ba.

Akwai wani bincike da jami'ar Harvard ta fara a 1938, aka bi rayuwar maza 724, wasu ɗaliban jami'ar, wasu 'ya'yan unguwannin talakawa na Boston, tun suna samari har tsufa, yanzu ma ana bin 'ya'yansu. Robert Waldinger da ke jagorantarsa ya ce abin da ya fi nuna wanda zai tsufa da lafiya da farin ciki shi ne kyawun zamansa da mutanensa. Da na ji haka na ce, to, a nan dai Nima ta fi Finland jari. Malam Amadu Futa ya sauka a wannan wuri a farkon shekarun 1930, kuma har yau unguwar ba ta daina karɓar baƙo ba. Lungu ya matse, kwata na wari, ruwan sama na shiga ɗaki, amma ba a taɓa barin gawa ba masu ɗauka, kuma ba ka kwana uku ba a gan ka a masallaci ba sai an ƙwanƙwasa ƙofarka. Dattawan da suka ga korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969, da aka ba marasa takarda mako biyu su fice, in suna ba da labari ba su cika jimamin shagunan da aka sayar a wulaƙance ba. Sunayen mutane suke lissafawa, wane ya tafi Sakkwato ba a sake ganinsa ba, wance an raba ta da 'ya'yanta.

Sai dai zumuncin nan ma yana da haƙora, kuma Turawan Harvard ba su zauna a zango ba. Tun da momo ta shigo, wayar ɗan kasuwa ta zama ƙofar da ba ta rufuwa. Ƙanin baba yana asibiti, ɗiyar yaya za ta yi aure, rufin ɗakin inna ya yaye. Masana sun gwada sun ga cewa kashe kuɗi a kan wani yana faranta rai fiye da kashe wa kai, kuma na yarda, amma kyautar da ka yi da son ranka daban take da wadda aka matse ka ka fitar don kada a ce ka lalace a Kurmi. Ta farko tana sa ka barci, ta biyu tana sa ka kashe waya.

Abin da ya fi damuna shi ne lissafin da yawancinmu muke yi: in na gama ginin gida can, in na aurar da yara, sai in koma in huta. Wani dattijo da muka yi maƙwabtakar shago shekara goma sha biyu ya yi hakan. Ya gina gida mai ɗaki takwas a garinsu, ya sallami kaya, muka raka shi tasha da addu'a. Bai cika shekara ba sai ga shi ya dawo. Sa'o'insa a can sun mutu ko sun watse, yaran gari suna kiransa Alhajin Gana, 'ya'yansa da aka haifa a Maamobi sun ƙi zama don Hausarsu ma dariya ake yi mata. Na ce, "Baba, gidan fa?" Ya ce, "Yana nan, ɗana, na ba masu haya. Gini na yi a can, amma mutanena suna nan." Yanzu yana zama a benci a ƙofar shagon da ya sayar, ba ya saye ba ya sayarwa, yana taya sabon mai shagon tsawata wa masu neman ragi, kuma in an kira azahar shi ke riƙe wa kowa makulli.