Zaɓen Tafet Mai Aiki Da Mai: Jan Hankali Ga Masu Motocin Sufuri

Ƙarar "kas-kas" daga saman inji wadda ba ta ɗaukewa ko bayan mota ta ɗumama, sau da yawa alama ce ta tafet ya gaji. Tafet ɗan ƙarfe ne da ke tsakanin kamshaf da bawul. Irin mai aiki da mai, wanda kamfanin Cadillac na Amurka ya saka wa motarsa a 1930, yana cika da baƙin mai ya rufe giɓin da ke tsakani da kansa, ba sai makanike ya yi saiti ba.

A kasuwannin Ladipo ta Legas, Nkwo ta Nnewi da Ƙofar Ruwa ta Kano, akan sami na kamfanin motar, da sabo na wasu masana'antu, da kuma ɗan Beljiyam. Lambar inji ake bi wajen saye, ba kamanni ba. Ɗan Beljiyam ya fi sauƙin kuɗi, amma ya riga ya cinye daidai da kamshaf ɗin wata mota. Araha ba ta ado.

Wajen ɗaurawa, a duba kamshaf tukuna. In ya cinye, a canza su tare, domin tsohon yakan lalata sabon. Kazalika a wanke hanyoyin mai, a sake baƙin mai da filta. Idan tafet mai shafaffen gindi ne, a bar inji yana juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti har tsawon minti 20.

Mai motar da ya tsallake waɗannan matakai, zai biya kuɗin aiki sau biyu, ga kuma asarar cinikin kwanakin da mota ke kwance a gareji.