Gonar Gefen Gari da Gonar Nesa

A wani ƙauye na arewacin Katsina, inda ƙasa duk jigawa ce, gonaki iri biyu ne. Akwai na gefen gari, inda ake zuba shara da toka da kashin awaki duk tsawon rani. Akwai na nesa, waɗanda sai mai jaki ko amalanke ke iya kai musu taki. Iri ɗaya ake shukawa, ruwa ɗaya ke sauka a kansu, amma kafin a gama noman fari bambanci ya fito. Geron gefen gari ya yi kore shar yana 'ya'ya, na nesa ya tsaya cik, siriri. Wanda ya gwada masara a can sai ya ga gefen ganyenta ya rine ja mai duhu. Dattawa su ce gona ta gaji.

Abin da ya fi ƙaranci a irin wannan gona shi ne fosfaras. Shi ne lambar tsakiya a jikin buhun kamfa mai 15-15-15, shi ne kuma ke cikin takin sufa. Halinsa daban ne da na yuriya, wadda ruwa ke narkarwa ya kai wa shuka. Fosfaras maƙalewa yake yi a jikin ƙasa, balle jar ƙasa mai ƙarfe. Saiwa ta shanye wanda ke kewaye da ita, tazarar milimita 1 ko 2, sai ta zauna da yunwa alhali akwai saura nan kusa.

Allah da ikonsa, shuka tana da mataimaki da ido ba ya gani. Wata fumfuna ce mai amfani da masana ke kira mikoriza. Takan shiga cikin saiwa ta zauna, ta miƙa zaruruwa da suka fi gashi sirantaka nesa ba kusa ba, su ratsa ƙasa santimita da dama, su kutsa inda saiwa ba ta iya shiga, su kwaso fosfaras su kawo. Shuka kuma ta biya ta da sukarin da ganye ya haɗa, wani lokaci har kashi ɗaya cikin biyar. Ciniki ne irin na makiyayi da manomi: kai ka kwantar da shanu a gonata, ni in ba ka kara da dami. Gero, dawa, wake, gyaɗa da albasa duk suna wannan hulɗa, rogo ma ya fi su dogaro da ita. Kabeji kuwa ba ruwansa.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne dangantakar wannan hulɗa da wuta-wuta, wadda ta addabi gonakin nesa. A 2005 masu bincike a Japan suka gano cewa saiwa na fitar da wani sinadari don kiran fumfunar nan. Idan fosfaras ya yi ƙaranci kuma, sai saiwar ta ƙara yawan fitar da shi. To shi wannan sinadari ne ke tayar da ƙwayar wuta-wuta da ta yi shekaru kwance a ƙasa. Gero na kiran mai ceto, mai shan jininsa na amsawa. Shi ya sa gonar talaka, wadda ba ta ga taki ba, ita ce ke cika da furen nan mai kyan gani, zangarniya kuwa ba ta kai a ɗaure dami ba.

Kada dai a ɗauka fumfuna za ta maye gurbin taki. Ba ta ƙirƙirar fosfaras, wanda ke nan take ɗaukowa. Kowace kaka hatsi na fita da nasa rabo, kara ya bi baya don danga da girki da abincin dabbobi, harawa ta hau kan bishiya. Ban ga laifin manomi ba, gida na buƙatar kowanne. Sai dai gonar da aka share ƙal aka ƙone saura, aka bi ta da huɗa mai zurfi, an tsinka zaruruwan da ke cikinta, ita kuma fumfunar ba ta yaɗuwa sai da saiwa mai rai. Wanda kuma ya samu hali ya antaya taki fiye da kima, shukarsa takan rage hulɗa da ita, tunda ta ƙoshi.

Dabarar da malamin gona ke koya wa mutanen ƙauyen ta fito ne daga binciken ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai: cikin marfin kwalba na kamfa, kimanin giram 6, a kowane rami lokacin shuka. Wannan ɗan kaɗan ya isa ya tayar da shuka da wuri, saiwarta ta bazu. Masu bin shawarar suna haɗawa da takin gida, su shuka wake tsakanin gero, su bar 'yan gawo su tashi a gona.

Aikin ba sauƙi. Hekta ɗaya ta gero na iya kai rami 10,000, wato kilo 60 na taki, buhu da ɗan ɗori. Ranar da aka yi ruwan shuka, maigida na gaba da sungumi, yara na biye da iri da ƙwaryar taki, kowa a sunkuye, ana rige-rige da rana kafin danshi ya tsere.