Lambun 'Yan Aljanu Da Furanni Masu Hawa

Akwai wata al'ada a Ingila da Amurka, watau a keɓe ɗan wuri a gefen lambu, ko ma cikin tsohon daro, a gina 'yan gidaje kamar tafin hannu, a shimfiɗa hanya da tsakuwa, a dasa furanni. Suna kiransa lambun 'yan aljanu, domin cikin tatsuniyoyinsu akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu masu fikafikai da aka ce a cikin furanni suke zama. Wasan yara ne, amma da ilmi a cikinsa. Abin da ya fi ƙawata shi kuwa shi ne tsiro mai hawa wanda zai lulluɓe 'yar rumfa da fure. To, malamin da ke so ya yi wa almajiransa irinsa, lalle ya yi zaɓe da hankali, gama ba kowane mai hawa ne ya dace da ƙaramin wuri da hannun yara ba.

Da fari sai mu san yadda tsiro ke hawa. Wani masani Bature, Charles Darwin, ya buga littafi a kan wannan cikin 1875. Ya nuna waɗansu suna nannaɗe sanda da jikinsu, kamar yadda muke gani ga doya. Waɗansu suna miƙa 'yan zaruruwa su kama, kamar soso da duma. Waɗansu da ƙaya suke maƙalewa, waɗansu kuma saiwa suke fitarwa su manne wa bango. Mai nannaɗewa siririyar sanda yake so, ba ya iya rungumar gungume. Mai zare kuwa a ɗaura masa igiya ko tsinke.

Mutane da yawa sukan fara tunanin bugambiliya, mai jan launin nan da muke gani bisa shingen gidaje. Asalinta Amurka ta Kudu, an ba ta sunan Bougainville, wani shugaban jirgin ruwa na Faransa wanda ayarinsa ya same ta a Barazil cikin 1767. Kyau kam tana da shi, amma takan kai ƙafa 30, ga ta da ƙaya. Cikin shekara biyu sai ta binne lambun duka.

Wadda muka fi yabawa ita ce ifomiya, 'yar'uwar dankali da duman rafi. Akwai irinta mai ganye tsage-tsage kamar gashin tsuntsu, da jan fure kamar tauraro, faɗinsa bai wuce inci 1 ba. Wannan ta yi daidai da 'yan gidajen. Akwai kuma mai shuɗin fure, wanda kan buɗe da sassafe ya rufe idan rana ta take.

Shukarta ba wuya. Ɓawon irin yana da tauri, saboda haka a jiƙa shi cikin ruwa ya kwana. A kafa rumfar tukuna, domin kada a ji wa saiwa ciwo daga baya. Sa'an nan a shuka, zurfin rabin inci, a bar inci 6 tsakani, a inda rana ke samu sosai. Takan tsiro cikin kamar mako guda. Kada a cika taki, in ba haka ba sai a sami ganye tuli, fure kaɗan. In ta kai kan rumfa a tsinke tohon sama, sai ta yi rassa ta cika gefe.

Sauran magana ɗaya, ita ce kuwa mafi nauyi. Idon zakara ma mai hawa ne, jajayen 'ya'yansa masu ɗigon baƙi suna jan hankalin yara, amma dafi gare su mai tsanani. Ƙwaya ɗaya in an tauna tana iya kisa. Kada a yarda ya tsiro kusa da makaranta. Irin ifomiya shi ma ba na ci ba ne, sai malam ya ajiye shi a hannunsa.

In an kiyaye waɗannan, a ba yara ma'auni su riƙa auna tsawon tsiron kowace safiya suna rubutawa, su duba ta wane gefe yake nannaɗe sanda, su kuma karkata shi inda suke so tun yana ɗanye. Yaron da ya yi haka damina guda ya sami ilmin tsiro wanda allo kaɗai ba zai ba shi ba.