Ciwon sukari na masu ciki: sai an auna jini

Akwai ciwon sukari mai zuwa da ciki. Sau da yawa mace ba ta jin komi. Amma ɗan cikinta yana ƙiba, har ya wuce kilo 4, haihuwa ta yi wuya. Daga Barmu ko Tabalak zuwa asibitin Tawa kuwa, tafiya ce mai nisa ga mai naƙuda.

Ana awon ne daga wata na 6 zuwa na 7. Mace ta zo da safe ba ta karya ba. A ɗebi jini, ta sha ruwa mai sukari giram 75, a sake ɗiba bayan awa 1 da bayan awa 2.

Wadda ta taɓa haihuwar ƙaton jariri ta gaya wa ungozoma tun awon fari.