Badagry: garin bakin teku da tarihinsa ya taɓa Oyo, Sakkwato da Barazil

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Legas ta nufi kan iyakar Seme, sai ya ratsa ta Badagry kafin ya shiga Jamhuriyar Benin. Da yawa daga cikin matafiya, har da direbobin manyan motoci da 'yan kasuwar Arewa masu zirga-zirga zuwa Kwatano, ba su san garin da komai ba sai shingayen jami'an kwastam da tarin kwakwa a gefen titi.

Amma a tsofaffin unguwanninsa na bakin ruwa akwai gine-gine da kayayyakin da suka shafi cinikin bayi, da shigowar mishan, da farkon karatun boko, da kafuwar mulkin Turawa a ƙasar da daga baya ta zama Najeriya.

Yadda garin ya kafu

Badagry na yammacin Jihar Legas, a gefen wani dogon ruwa da ya miƙe daga Legas har Porto-Novo. Tsakanin wannan ruwa da Tekun Atlantika akwai siririn tudun yashi. Wannan tsari ne ya ba garin daraja a da: kwale-kwale na iya jigilar mutane da kaya a ruwan da ba shi da igiya, sannan a ƙetara yashin da ƙafa zuwa inda jiragen Turawa suke jira.

Mafi yawan 'yan asalin garin Ogu ne, waɗanda aka fi sani da Egun, tare da Yarbawan Awori a kewaye. Sarautar sarkin garin ita ce Akran, kuma tsohon garin ya kasu gida takwas, kowace unguwa da nata basarake.

Tarihin baka na mutanen garin ya kai kafuwarsa ƙarni na 15. Masana da suka bi takardun Turawa, irin su Robin Law, sun nuna cewa bunƙasarsa a matsayin tashar ciniki ta fara ne a shekarun 1730. Dalili kuwa shi ne daular Dahomey ta ci Allada a 1724, ta ci Ouidah a 1727, sai jama'a suka yi hijira zuwa gabas. A 1736 wani ɗan kasuwar Holan, Hendrik Hertogh, ya kafa wurin cinikinsa a Badagry, 'yan gudun hijira suka taru a kewayensa.

Kasuwar bayi

Daular Oyo ce babbar mai kawo bayi daga cikin ƙasa, ta hanyar da ta ratsa yankin Egbado, wanda yanzu ake kira Yewa. Arzikin da garin ya samu ya jawo masa kishiyoyi, kuma a 1784 rundunar Dahomey ta auka masa ta ragargaza shi. Daga baya ya farfaɗo, ko da yake Legas ta sha gabansa a harkar.

Abin da ya rage na wannan zamani har yanzu ana ganinsa. Akwai wurin kasuwar Vlekete, inda ake cinikin mutane. Akwai ɗan ƙaramin gidan tarihi na iyalan Mobee, inda aka ajiye sarƙoƙin wuya da mari da sauran ƙarafunan da ake ɗaure bayi da su.

A ƙetaren ruwa kuma akwai tsibirin Gberefu. Nan ne hanyar yashi ta bi har gaɓar teku, wurin da ake yi wa laƙabi da "inda ba a dawowa". A kan hanyar akwai wata rijiya da tarihin baka ya ce ana tilasta wa bayi shan ruwanta domin su manta gida.

Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, amma hakan bai tsayar da shi a wannan gaɓa ba, domin 'yan kasuwar Fotugal da Barazil sun ci gaba. Barazil ba ta hana shigo da bayi da gaske ba sai a 1850, ba ta kuma soke bautar kanta ba sai a 1888.

Daga cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan yanki akwai Hausawa da Nufawa da Barebari, musamman a shekarun yaƙe-yaƙe na farkon ƙarni na 19. A Bahia ta Barazil, bayi Hausawa sun shirya tawaye a 1807, sun sake tayarwa a 1809 da 1814. A 1835 kuma Musulmi bayi da 'yantattu, mafi yawansu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka yi babban boren da ake kira na Male a birnin Salvador.

Hanyar Sakkwato

A ƙarshen 1825 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya sauka a Badagry da nufin komawa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya fara ziyarta a 1824 ta hanyar hamada. Tare da shi akwai baransa Richard Lander, da wani dattijo Bagobiri da Turawa ke kira William Pascoe, wanda aka taɓa sayarwa a matsayin bawa, sojojin ruwan Ingila suka 'yantar da shi, ya zama tafinta.

Ayarin ya bi ta babban birnin Oyo, ya ƙetare Kwara a Bussa, ya isa Kano a 1826, sannan Sakkwato. Clapperton ya rasu a can a watan Afrilun 1827. Lander ya dawo Badagry da takardun maigidansa, inda 'yan kasuwar bayi na Fotugal suka zarge shi da leƙen asiri, aka sa shi shan guba domin a gwada gaskiyarsa, ya tsira.

A 1830 ya sake sauka a garin tare da ƙanensa John. Suka je Bussa da Yawuri, suka gangara kogin da kwale-kwale har teku. Wannan tafiya ce ta tabbatar wa Turawa inda Kwara take zubewa.

Mishan, makaranta da bene

A watan Satumban 1842 Thomas Birch Freeman na cocin Methodist ya iso Badagry, a Disamba kuma Henry Townsend na ƙungiyar CMS ya biyo baya. Sun yi bikin Kirsimeti na shekarar a ƙarƙashin wata bishiya da ake kira Agia. Bishiyar ta faɗi a 1959, aka gina hasumiyar tunawa a gurbinta.

A 1843 mishan suka buɗe makarantar da ake ƙidaya ta a matsayin firamare ta farko a Najeriya. A 1845 aka kammala gidan mishan mai hawa ɗaya a ƙarƙashin kulawar Rabaran C. A. Gollmer. Samuel Ajayi Crowther, wanda shi ma an taɓa kama shi bawa, ya zauna a garin a wancan lokaci yana aikin fassara Baibul zuwa Yarbanci.

Ana yawan kiran gidan da "benen farko a Najeriya". Wannan laƙabi na buƙatar gyara, domin hasumiyar Gobarau ta Katsina da sorayen Kano masu bene sun girme shi. Abin da ya fi dacewa shi ne a ce yana cikin benaye mafi daɗewa da aka gina da fasalin Turawa a ƙasar.

Musulunci ma yana da tsohon tushe a garin. Fitaccen misali shi ne Seriki Williams Abass, Bayarabe da tarihin iyalinsa ya ce an kama shi yana yaro, aka kai shi Barazil, ya dawo ya shiga cinikin da aka yi da shi. Gidansa mai ɗakuna 40 na tsare bayi yana nan a bakin ruwa. Ya zama Sarkin Musulmin garin, ya rasu a 1919. Kalmar "Seriki" kanta aro ce daga "Sarki" ta Hausa.

Shigowar mulkin Turawa

Rikicin sarautar Legas ya shafi Badagry kai tsaye. Bayan Kosoko ya kori Akitoye a 1845, Akitoye ya samu mafaka a garin, kuma a 1851 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin magoya bayan ɓangarorin biyu. A Disambar shekarar jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Legas ruwan wuta, aka mayar da Akitoye kan gado.

A 1852 sarakunan Badagry suka sa hannu kan yarjejeniyar daina cinikin bayi. Ingila ta karɓe Legas a 1861, ta haɗa da Badagry a 1863. Ofishin Di'o da aka gina a wannan shekara shi ne ya zama gidan tarihin garin a yau. Bayan an ƙirƙiri Jihar Legas a 1967, Badagry ta zama ɗaya daga cikin manyan sassanta biyar.

Abin da ke gaban garin

Gadon Badagry ya wuce na bauta. Akwai dodon Zangbeto mai rigar ciyawa, wanda a al'adar Ogu shi ne mai gadin gari da dare. Akwai manyan gangunan Sato, da kamun kifi, da saƙar tabarma, da gonakin kwakwa. A Topo akwai Kwalejin Horar da Ma'aikata ta Ƙasa, ASCON, a Ajara kuma akwai cibiyar koyar da Faransanci ta Gwamnatin Tarayya.

Ana kuma gudanar da bikin "ƙofar dawowa", inda jikokin bayi daga Amurka da Barazil da tsibiran Karebiyan ke shigowa daga ɓangaren teku. Ranar 23 ga Agusta ta kowace shekara ita ce UNESCO ta keɓe domin tunawa da cinikin bayi da soke shi.

Ƙalubalen adana kayan a bayyane yake. Iskar teku mai gishiri na cin ƙarfe, danshi na ruɓar da katako, kuma wasu muhimman kayayyaki na hannun iyalai ne masu dogaro da kuɗin shiga na maziyarta. Aikin faɗaɗa hanyar Legas zuwa Badagry ya ɗauki shekaru, abin da ya daɗe yana rage yawan masu zuwa. Sannan wasu shekaru da alƙaluman da ake faɗa wa baƙi ba su dace da abin da takardu suka nuna ba.

A 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da gina babbar tashar jiragen ruwa a Badagry. Idan aikin ya kankama, filaye za su yi tsada, gine-gine za su ƙaru a bakin ruwa. Tun kafin lokacin ya kamata Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da Gwamnatin Jihar Legas da masarautar garin su shata iyakokin wuraren tarihi, su rubuta kowane abu da ke hannun iyalai a kundi guda, su kuma horar da masu yi wa baƙi jagora.